Faifan Inna a Bakin Littafin Shanu

Kowannenku yana da nasa labarin shekarar da Yaya Garba ya ɗauke ƙafa daga gidan nan. Na ji na 'ya'yansa na Bakura, na ji naku na nan Mafara, har na ji wani a bakin direban da ya ɗauko ni daga Maradun, bai san da mai abin yake magana ba. A nasa labarin, wai wani tsoho ne boko ya juya wa kai, ya sa 'yarsa tana yanka littattafan addini da reza bisa umarnin kwamfuta. Na ce Allah ya shiryi tsohon. Ya ce amin. To tunda abin ya kai ina yi wa kaina addu'ar shiriya a motar haya, gara in rubuta yadda aka yi tun ina da sauran ido, don kada ku gaji faɗan da masu shi suka riga suka ajiye.

Kun san gidanmu gidan shanu da fawa ne. Yaya Garba, wanda nake bi, shi ya zauna Bakura ya riƙe sana'ar mahaifinmu. Ni fata ce ta fitar da ni. Na bi ta Agadas, na bi ta Khartum da Alƙahira, har garuruwan Italiya inda ake jeme ta. A hanya na tsinci Larabci na kasuwa da na littafi, da Faransanci, da Turanci, ga Fulatancin da muka tashi da shi wajen masu kawo mana dabbobi. Abin da na dawo da shi gida littattafai ne, da wata ɗabi'a da uwarku Hajiya Kulu take kira cutata: ba na ganin abu in yi shiru, sai na ce a wuri kaza ba haka ake yi ba.

A nan wajenmu, takarda in dai akwai baƙin Larabci a kanta ba ta kwana a ƙasa. Ko yaro ya gan ta a hanya zai ɗauka ya karkaɗe, ya soke ta a tsagin katanga. Da wannan na tashi, kuma har gobe ina girmama shi. Amma ranar da na fara sayen ƙosai a Alƙahira, aka naɗe mini shi a jarida, maiƙo ya ratsa haruffan, sai na tsaya riƙe da shi kamar an miƙo mini garwashi. Mai suyar, wanda kullum nake gani a sahun gaba a masallaci, ya leƙa takardar ya yi dariya, ya ce labarin ƙwallo ne. A ranar na gane cewa da Larabci ake salla, kuma da shi ake cinikin albasa. Wannan ganewar ce, bayan shekaru masu yawa, ta jawo aka mayar mini da naman layya.

Abin ya fara ne da ƙafar Luba, autarmu. Tana koyarwa a garin Kaya a lokacin. Da damina babur ya zame da ita a taɓo, cinya ta karye, aka dawo da ita gida aka kwantar. Ɗorin ya yi ta jan lokaci. Yarinyar da in tana gida sai an roƙe ta ta yi shiru, ta koma ba ta cewa komai sai to da a'a. Ta juya wa ƙofa baya, abinci ma sai Hajiya ta yi da gaske. Wannan ya fi karayar tsorata ni. Ana nan sai wata safiya ta kira ni ta nuna mini wani hoto a wayarta: littafi ne a tsaye, buɗe kamar mahuci, an ninke fallayensa ɗaya bayan ɗaya har bakinsa ya fitar da siffar tsuntsu. Na ce na taɓa ganin irinsa a tagar wani kanti a Italiya, na ɗauka aikin marasa aikin yi ne. Ta ce to ai ita ce marar aikin yin. Rabona da jin ta mayar mini da magana tun kafin ta faɗi.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba su gani ba. Akwai manhaja a kwamfuta da ake ba hoto. A gaya mata tsawon littafin da yawan fallayensa, sai ta yayyanka hoton tsaye, siri-siri, kowane falle da rabonsa. Daga nan ta fitar da awo: a falle kaza, auna daga sama ka sa alama nan da nan, ka tsaga kaɗan, ka ninke ciki. Falle ɗaya ba ya nuna komai. Sai an gama an tsayar da littafin zanen yake tashi. Mai sauƙinsa hawa ɗaya ne. Luba kuwa ba ta taɓa son mai sauƙi ba. Ita mai hawa-hawa take so, inda wani sashe yake tsayawa a baki, wani ya shiga ciki kaɗan, wani ya nutse sosai, inuwa ta zama ita ce rini.

Zanen da ta zaɓa shi ne na faifan Inna, mahaifiyarmu ni da Yaya. Faifai ɗaya ne ya rage na saƙar hannunta, yana Bakura cikin adakar Yaya, kuma Luba ta taɓa ɗaukar hotonsa. Farar kaba ce da ja da baƙi, sun taso daga cibiya suna juyawa kamar guguwa, ja yana hawa kan baƙi yana sake nutsewa. Ta ce fari zai tsaya a baki, ja ya shiga ciki, baƙi ya fi kowa zurfi. Ta ce in ta gama Baffanta za ta kai wa, kuma ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa.

Manhajar wani Bafaranshe ne ya rubuta ta, ba ta jin kowane harshe sai nasa, don haka aka ɗauke ni tafinta. Na yi tafinta tsakanin Buzu da Bature, na yi tsakanin Balarabe da Bafulatani a kan bijimi, amma ban taɓa gamuwa da abokin magana marar ta ido irin wannan ba. Ba sallama, ba sannu da aiki. Ka yi kuskure ɗaya ta ce a koma farko. Inda faifan ya tsufa ya zare, sai ta ɗauka ado ne ta saka shi cikin awo. Inda ja ya koɗe, ta haɗa shi da fari. Luba ta zauna tana raba hoton gida uku, tana goge kowane hawa da hannu, tana gyara inda ja ya kamata ya hau. In ta kusa gamawa a ɗauke wuta. Ni ina zagin na'urar da Faransanci don kada Hajiya ta ji, Luba tana dariya har tana riƙe cinya.

Da awo ya fito sai manhajar ta ce hawa uku yana son littafi mai kauri sosai, in ba haka ba zanen zai cushe. Mafi kauri a ɗakina shi ne wani littafin cututtukan shanu da na saya a Khartum, da Larabci, wanda gara ta riga ta ɗanɗana bangonsa. Na zauna na bi shi falle-falle. Ban sami aya ko hadisi ba, sai Bismillah a fallen farko. Na cire wannan na adana cikin littattafan addinina, na miƙa mata sauran. Ta sa rula da fensir da reza ta fara. Ta dawo cin abinci. Ta dawo yi wa uwarta tsiya.

Ranar da Ige mai kitso ta zo yi wa Hajiya kai, ta leƙa ɗakin Luba don ta yi mata sannu. Ta ga reza a kan baƙin Larabci, ta ga kwamfuta a gefe, ta saka salati. Hajiya ta yi mata bayani har kitso ya ƙare, Ige tana cewa ai ta gane. Ta gane ɗin. Kafin kasuwa ta sake ci, labarin ya isa Birnin Tudu littafin ya zama na fiƙihu, da ya isa Bakura ya zama abin da ba zan iya rubutawa ba.

Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, Yaya ya sallami shanunsa a kara, wato kasuwar dabbobi, ya biyo gidan nan. Muka zauna a zaure. Muka gaisa yadda aka saba, gida da iyali da ruwa da dabbobi da gajiyar hanya, bai rage ko ɗaya ba, don Yaya ko yanka ka zai yi sai ya tambayi lafiyar iyalinka. Aka kawo fura. Bai taɓa ba.

"Mamman, mi nike ji?"

"Mi ka ji, Yaya?"

"An ce ɗiyarka na yanka baƙi da aska, kai kuma kana zaune kana karanta mata inda za ta yanka."

Na shiga na ɗauko littafin, na buɗe inda ba a kai ba, na karanta masa da ƙarfi ina fassarawa. Babin zawon maraƙi ne, da yadda ake gane shi ta launin kashi.

"Rufe," in ji shi. "Alif ɗin da ke cikin zawon maraƙinka, da wanda munka koya a allo, ba guda ba ne?"

"Na cire fallen da ke da Bismillah, Yaya."

"Ka cire kan rago, sai ka ce sauran ba rago ba ne?"

"A Alƙahira fa, da idona…"

"Kai da Alƙahira! Can anka binne cibiyarka?"

Ya ce a ba shi littafin ya naɗe shi a farin ƙyalle ya binne, yadda ake yi wa takardun da suka tsufa, a kuma rufe na'urar nan. Sannan ya tashi ya tsaya a ƙofar ɗakin Luba.

"Sannu da jiki, ɗiyata. Ki bar wanga aiki, kin ji?"

"To, Baffa," in ji ta.

Na ga ta ajiye rular a hankali, ta juya fuskarta bango, daidai yadda take yi kafin aikin ya zo. Tun da aka haife ni ban taɓa ce wa Yaya a'a ba. Shi ya kai ni makaranta a kafaɗa, shi ya nema mini auren uwarku. Amma na ji bakina ya ce, "Ba za ta bari ba." Ya juyo ya dube ni.

"In dai ana wanga aiki a gidan ga, ƙafata ba ta shigowa. Idona kuma ba shi kallon littafin da anka yanka."

Ya sa takalmansa ya fita. Furar tana nan har ƙudaje suka same ta.

Kada wani ya gaya muku abin ya yi mini sauƙi. Kowace Talata ina jin muryarsa ta wuce ta bayan katanga yana gaisawa da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya tsallake ƙofata. A masallaci mutanen da muka tsufa tare suka riƙa ba ni hannu da yatsu biyu. Na tafi har Maradun wajen wani malami da mu duka muke girmamawa, na shimfiɗa masa maganar. Ya ce in babu aya babu sunan Allah, babu laifi. Na fara murna. Ya ce amma girmama harafi alheri ne, kuma bin na gaba wajibi ne. Na dawo da amsar da in na kai wa Yaya zai ce shi aka ba gaskiya. A Italiya da mun yi ihu a kan titi mun gama, mu tafi shan gahawa. A Khartum da an tara dattawa a yini ɗaya an kashe wutar. Mu kuwa sai mu yi shiru, mu yi ta gaisawa da kowa ban da wanda ya dame mu.

Da babbar Salla ta zo muka aika masa da cinyar rago, kamar kowace shekara. Kafin la'asar ta dawo a cikin kwanon da ta tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Hajiya ta dire kwanon a gabana.

"Alhaji, duk harsunan nan da ka iya, babu wanda ake cewa yi haƙuri a cikinsa?"

"In ba shi haƙuri in ce me? In ce zawon maraƙi ya zama karatu?"

"Ka ce kai ne ƙarami. Wannan ma sai an fassara maka?"

Luba ta ji mu. Ta ce ita za ta bari, ba za ta raba ni da ɗan'uwana a kan takarda ba. Na ce rabuwa dai an riga an yi, in ta bari yanzu mun yi biyu babu. Ta ci gaba, amma ba dariya. Ta gama fallen ƙarshe a makon da ta fara takawa da sanda. Muka tsayar da littafin a kan tebur inda hasken taga yake faɗowa, muka ja baya. Faifan Inna ya tashi a bakin littafin shanu, fari a sama, ja a ƙarƙashinsa, baƙi can ciki, yana juyawa. Hajiya, wadda ta yi wata da watanni tana kiran abin fitina, ta zauna a bakin gado tana kallonsa.

Yaya ya ce ƙafarsa ba ta shigowa gidana. Bai ce tawa kada ta shiga nasa ba. Na naɗe littafin a farin ƙyalle, na hau mota zuwa Bakura da hantsi. Na same shi a zaure. Muka gaisa tsaf, kamar jiya muka rabu. Na ajiye ƙunshin a gabansa.

"Ga shi, Yaya. Ka ce a kawo ka binne. Amma ɗiyarka ta ce kai ta yi wa, a buɗe maka ko sau ɗaya."

Ya kawar da kai wajen ƙofa. Na kwance ƙyallen na tsayar da littafin. Ya yi ta kallon waje yana jan carbi. Can wutsiyar idonsa ta ci amanarsa. Carbin ya tsaya. Ya juyo gaba ɗaya, ya matso, ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa takardar. Na ce a raina yau dai faɗan ya ƙare. Sai ya ɗago a fusace.

"Wa ya ce muku Inna bahaguwa ta?"

"Bahaguwa kuma?"

"Dubi inda guguwar ta nuhwa! Saƙar mai hagu ce wagga. Ni na zauna gabanta ina miƙa mata kaba, kai kana goye kana zuba mata yawu a wuya. Da dama take soka basilla!"

Ya shiga ciki ya buɗe adaka ya fito da faifan, ya kara shi da littafin. Gaskiyarsa ce. Komai ya fito daidai, kowane hawa a wurinsa, amma na Inna yana juyawa ta nan, namu yana juyawa ta can. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Manhajar Bafaranshe tana ƙirga fallaye daga inda littafin boko yake farawa. Luba kuwa ta buɗe littafin Larabci daga inda kowane ɗan Musulmi zai buɗe shi, ta dama. Awo bai yi kuskure ba, hannunta bai yi ba, zanen ne kawai ya fito a juye. Ranar da aka gama mun daɗe muna kallon hoton da littafin, ni da ita da uwarta, babu wanda ya lura. Na yi ƙoƙarin yi masa wannan bayani.

"Kai dai kullum da bayani," in ji shi. "Ungo. Kai mata faifan ta gani da idonta, ba hoto ba. Ta sake, ta yi shi daidai. Amma a littafin Nasara."

"Wannan fa?"

"Wanga ya zo hannuna. Ba ruwanka."

Talatar da ta biyo ina zaure na ji sallamarsa a ƙofa. Bai ce ya sauko ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce ya zo ne ya ga kada a sake mayar da uwarsa bahaguwa. Na fito da wani ƙaton littafin dokokin kwastan na Turanci, ya juya shi ya ce wannan a yanka shi da kyau, ba shi da alhaki. Daga nan kowace Talata sai ya zauna kusa da Luba, faifan a cinyarsa, yana nuna allon kwamfuta da yatsa yana cewa jan nan ya nutse da wuri, a gaya wa Bafaranshen. Ni ina tsakiya ina tafinta, yanzu mutum biyu suna ba ni haushi maimakon ɗaya. Ya sha fura. Wannan littafi na biyun shi ne wanda kuke gani a falo. Har ya koma ga Allah bai yarda cewa ina da gaskiya a kan harafi ba, ni ma ban yarda yana da ita ba, kuma duk wanda ya ce muku ɗayanmu ya janye bai san mu ba.

Na farkon kuwa na ɗauka ya binne shi. Sai a rashin lafiyarsa ta ƙarshe, da aka shigar da ni har ɗakin kwanansa, na gan shi a saman kabad, can inda yake ajiye abin da ba a ɗora komai a kansa. Ya juya bakin littafin wajen bango, ya jingina tsohon madubin askinsa a gabansa, a karkace, yadda daga kan gado madubin kawai ake gani. Na duba ciki. Guguwar tana juyawa ta hannun Inna.

"Yaya, ashe kana kallonsa."

"Ni ban kallon littafin da anka yanka," in ji shi. "Madubi nike kallo."

Suna nan a Bakura yadda ya bar su. Duk wanda zai ɗauki littafin a cikinku, ya haɗa da madubin.